Kwat a Sama, Zakaru a Ƙasa

Shekarun baya, lokacin ina sabon malami a wata sakandare a Bagudo, na faɗa son wata yarinya 'yar ƙetaren iyaka. Gwaggonta na da rumfa a kasuwar Lolo, tana sayar da kayan miya da sabulai irin na Benin, ita kuma takan rako ta ranar kasuwa ta taya ta ciniki. Ni da ban taɓa sanin inda ake sayar da daddawa ba, sai ga ni kowane mako na haye kogin Kwara wai zan yi wa mahaifiyata cefane. Da yaji ya yi mana yawa a gida har ana aika wa maƙwabta, mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce, "Kai, hwaɗa mini gaskiya, ɗiyar wa ta, mai saida yajin ga?"

Na faɗa mata. Ta yi murna, ta sa albarka. Gwaggon yarinyar ma ba ta da matsala da ni. Matsalar tana can wani ƙaramin gari bayan an tsallake iyaka, wato mahaifinta. Dattijo ne Badande, wato ɗan ƙabilar Dendi, tsohon shugaban makarantar firamare da ya yi ritaya, ya yi bokonsa da Faransanci, kuma kowa ya shaide shi da tsauri. An ce ya sallami masu nema ba ɗaya ba, kuma ya sha faɗa cewa ba ya son 'yarsa ta yi aure inda sai ya nuna wa jami'an iyaka fuska kafin ya gan ta. Da maganata ta je kunnensa, sai ya aiko cewa kada in kuskura in tura manya. In zo da ƙafata ya gan ni tukuna, kuma in iso kafin azahar, don da ya yi salla yake wucewa lambun albasarsa, ba ya jiran kowa.

Ina da wani aboki da ke sayar da wayoyi a Kamba. Ya taɓa zuwa Kwatano sau ɗaya, tun daga nan ya naɗa kansa masanin duk abin da ya shafi Benin. Shi na fara nema shawara, kuma a nan na fara kuskure.

"Babbar riga?" in ji shi, yana kallona kamar na yi saɓo. "Wurin mutumin da ya yi karatun Faransa za ka tahi da babbar riga? Mutanen can kwat suka sani. Ka shiga kwat da wando, ka ɗaura naktaye, wallahi kahin ka zamna ya ba ka ita."

Ranar kasuwa muka shiga layin 'yan gwanjo a Lolo. Aka kwance mana dila, muka yi ta tono har muka ci karo da wata kwat mai ruwan shuɗi mai duhu, da wandonta. Rigar kam kamar don ni aka yi ta, kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya inda ya kamata. Wandon ne ya ɗan kama ni a cinya. Na ce wa mai kayan wandon ya matse ni. Ya ce haka Turawa ke sawa yanzu. Abokina ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga duniya, ni kuma na yarda.

Da safiyar ranar na yi wanka, na shiga kayan, abokina ya ɗaure mini naktaye kamar mai ɗaure rago a turke. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba gumi ya fara bin bayana. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Wurin surukai za ka, ko kotu anka kira ka?" Na ce mata ba za ta gane ba, abin na zamani ne. Ta ce Allah shi kiyaye hanya, tana danne dariya.

A mashin ɗin abokina muka tafi, ni a baya, na miƙe zam kamar an haɗiyar da ni sanda don kada kwat ta yamutse. Muka wuce Lolo, muka gaisa da jami'an iyaka, ɗaya daga cikinsu har ya ƙame mini da wasa ya ce ranka ya daɗe. Kaina ya ƙara girma. Muna dab da shiga garin sai muka faɗa wani yashi mai zurfi, mashin ya yi tangal-tangal zai kayar da mu. Na wage ƙafa da sauri don in tokare ƙasa.

Ɓarrr!

Ban taɓa jin ƙarar da ta shige mini zuciya irin wannan ba. Na sauka a hankali, na ji iska tana shiga inda bai kamata ba. Na ce wa abokina ya duba mini. Ya zagaya bayana, ya duba, sannan ya ce, "Ba shi da yawa." Daga nan ya zauna daɓas a cikin yashi yana dariya har da hawaye. Wandon ya rabe tun daga ƙugu ta baya har kusan gwiwa.

Na cire kwat na ɗaura a ƙugu, muka tura mashin muka shiga gari muna tambayar tela. Musanyar wando da abokina ba ta taso ba, don shi gajere ne mai tumbi, wandonsa iyakarsa ƙwaurina. Ranar kuma ba ta kasuwar garin ba ce, babu inda za a sayi ko da tsumma. Aka nuna mana wata rumfar kwano, muka tarar da tela yana taka keke yana sauraron rediyo. Na shige bayan labulensa na miƙo masa wandon. Ya ɗaga shi sama, ya leƙo ni ta cikin yagewar, ya ja yadin da yatsa biyu sai ya ƙara ɓarkewa. Ya ce yadin ya riga ya mutu, sai an yi masa maho ta ciki, kuma aikin zai kai la'asar.

Na ce, "La'asar? Malam, kafin azahar ake jirana. Maganar aure ce!"

Da ya ji kalmar aure sai tausayi ya kama shi. Ya waiga, ya zaro wani wando da ke rataye a ƙusa, sabo fil, ko zaren jikinsa ba a gama tsinkewa ba. Ya ce in sa wannan in je in dawo, kafin nan ya gama nawa.

Jama'a, wandon atamfa ne. Ruwan ɗorawa mai haske, an zuba masa jajayen zakaru manya-manya, kowanne ya buɗe baki yana cara. A can ƙetare ba abin mamaki ba ne namiji ya ɗinka atamfa riga da wando, ado ne ma na fita kunya. Amma ni ɗan Bagudo, a iya sanina atamfa ta iyayenmu mata ce. Na ce ba zan sa ba. Abokina ya nuna mini inuwar rumfa yadda ta tsuke, ya ce, "Ko zakaru, ko ka koma gida ba mata. Zaɓi guda."

Na tambayi telan ko mai wandon ba zai zo nema ba. Ya kaɗa hannu ya ce, "Mai shi ba ya sauri."

Na zura. Abin haushi, ya zauna mini daram kamar an gwada ni. Na mayar da kwat, na gyara naktaye, na dubi kaina a wani fasasshen madubi da ke jingine. Daga ƙugu zuwa sama manajan banki, daga ƙugu zuwa ƙasa akurkin kaji. Zakara guda a kan kowace gwiwa.

Haka muka isa ƙofar gidan. Aka yi mana iso zuwa gindin wani mangwaro a tsakar gida, inda aka shimfiɗa tabarma aka ajiye kujeru. Ina tafe ina maimaita kalmar gaisuwa ɗaya tak da na haddace ta Dendi, fofo, fofo, don kada ta gudu. Na ɗaga kai don in ga dattijon, sai kalmar ta gudu da duk abin da ke kaina.

Dogo ne kamar ni, siriri, da farin tabarau da furfura. Yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A jikinsa akwai sabuwar riga mai gajeren hannu, ruwan ɗorawa mai haske, da jajayen zakaru manya-manya suna cara. A ƙasa kuma wani tsohon wando ne toka-toka da ya koɗe, irin wanda ake shiga lambu da shi.

Na durƙusa. Zakarun gwiwata suka yi gaba suka tsaya suna kallon 'yan'uwansu na ƙirjinsa. Na gaishe shi da Hausa. Ya amsa a nutse, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi zafi. Duk wannan gaisuwar idonsa bai bar ƙafafuna ba. Can ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya ce, da Hausarsa mai fita ɗaya bayan ɗaya, "Malam, a ina aka ɗinka maka wannan wando?"

Kafin in buɗe baki abokina ya cafe. "Birnin Kebbi, Baba. Shi aka yayi yanzu, kwat da atamfa. Duk manyan ma'aikata haka su ka sawa."

Dattijon bai ko dube shi ba. Ni yake kallo. Na ji gumi yana gangarowa ta cikin naktaye. A raina na ce, wannan mutumin ya shekara nawa yana kama yara da ƙarya a aji, ni wa zan yi wa wayo? Kuma in ma an raba ni da yarinyar nan, gara a raba mu ina mai gaskiya. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba nawa ba ne. Nawa ya yage a bakin gari, yana wurin tela. Shi ya ara mini wannan don kada in saɓa lokacin da ka sa mini. Ban san mai shi ba."

Ya mayar da tabarau. Ya ce, "Tashi tsaye."

Na tashi.

"Juya."

Na juya, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Tsawon ya yi. Ƙugun fa, bai matse ka ba?"

Na ce, "Ya yi daidai, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Aƙalla na san ya iya awo. Tun jiya ya kawo mini riga, ya rantse wando zai iso da safe. Na ce masa baƙo zan yi daga Nijeriya, ina so in fito da kyau. Tun safe nake zaune ina jiran wando, ashe wandon yana tafe da ƙafarsa."

Daga bayan zanar da ta raba mu da cikin gida sai muka ji wata ta tuntsire da dariya, wasu suka taya ta. Ashe matan gidan duk suna laɓe, har da wadda na zo dominta. Dattijon ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa ta shugaban makaranta, leɓensa na rawa, daga baya ya cire tabarau ya saki dariya har yana dukan cinya. Ni ma da na ga abin ya wuce gyara sai na bi su. Abokina ne kaɗai bai yi dariya ba, yana can ya ƙura wa mangwaro ido kamar bai taɓa ganin itace ba.

Bayan an natsa aka kawo ruwa, aka kawo shinkafa da kifi. Ya ce in kwance wannan igiyar ta wuya kafin ta kashe masa baƙo. Na kwance, na ji kamar an sake ni daga kurkuku. Ya miƙo hannu ya murza bakin kwat ɗin da yatsunsa, ya ce yadi ne mai kyau. Ya ba ni labarin cewa lokacin suna samarin malamai babu wanda ke da kwat da wandonta cikakke, don kullum wandon ke riga mutuwa. Sai mutum ya ci gaba da sa rigar a kan duk wandon da ya samu, fari ko kaki, kuma a haka suke shiga gaban sufeton makarantu ba wanda ya taɓa cewa komai. Ya ce abin da ake dubawa kawai kafaɗa ta zauna, kuma wandon ya bambanta sosai, kada ya zama kamar mutum ya yi ƙoƙarin haɗa kala ya kasa. Ya dubi zakarun ya ce, "Naka dai ya bambanta. Wannan ba mai cewa kuskure ne, sai dai a ce ƙarfin hali."

Sannan ya koma ainihin abin da ya sa ya kira ni, fuskarsa ta canza. Ya tambayi aikina, ya tambayi wa nake ci da shi a gida, ya tambayi halin mahaifiyata. Ya ce 'yarsa ta fara koyon aikin jinya ta tsaya, shin zan bar ta ta ƙarasa? Na ce zan bar ta, in ma da hali ni zan kai ta. Ya ce, "In na yi ciwo cikin damina, hanya ta yanke, za ka kawo mini ita?" A nan na gane duk tsaurin nan da ake faɗa tsoro ne kawai na uba da ke ganin 'yarsa za ta yi nisa. Na ce, "Baba, ko a kwalekwale ne zan kawo ta." Ya daɗe yana kallona.

Muka yi azahar tare a masallacin unguwa, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Na san akwai waɗanda sallarsu ta ranar sai dai Allah ya karɓa da rahamarsa, don ina jin ana ta gyaran murya a bayanmu. Da aka sallame ya ce lambu ya jira, mu je wurin tela tare.

Ku kwatanta abin a ranku. Dogaye biyu suna tafe a jere a tsakiyar gari, ɗaya da rigar, ɗaya da wandon. Mata na leƙowa ta katanga, masu shayi suka bar shayi. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ɗaga wa mutane hannu yana cewa da Dendi wani abu da ke sa su ƙara fashewa. Daga baya aka fassara mini, wai cewa yake, "Na sami wanda ya sace mini rabi."

Telan ya hango mu tun daga nesa. Muna gani ya miƙe, ya leƙo, ya koma, ya jawo ƙyauren rumfa ya datse, ya bi ta baya. Kafin mu iso ko ƙurarsa babu. Wandona na ciki a kulle. Maƙwabcinsa ya ce wai an yi masa kiran gaggawa a ƙauye.

Dattijon ya tsaya gaban rufaffiyar rumfar, ya riƙe ƙugu, ya girgiza kai. Ya juyo ya ce mini, "To, ba zan tuɓe ka a titi ba. Tafi da shi, na ba ka." Na fara godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "In ka isa, ka ce wa manyanka ina jiransu."

Ban san lokacin da na durƙusa a cikin ƙasar nan ba, da kwat da komai.

Komawa gida ita ce wata jarrabawar. Mun bi ta Lolo da yamma, daidai lokacin da 'yan kabu-kabu suka cika bakin hanya, kuma cikinsu akwai waɗanda suka san ni. Wani ya yi cara, sauran suka amsa. Har muka fita garin ana yi mini kukuruku. Amma wallahi ranar ko duk Kebbi za ta taru ta yi cara ba zan ji haushi ba. Ina bayan mashin ina ta murmushi kamar wawa, abokina kuma yana ta faɗa wa iska cewa ai dama shi ya ce kwat za ta yi aiki.

An yi auren bayan damina. Wandon kwat ɗin ban sake ganinsa ba, ban kuma nema ba. Rigar ce ta zauna da ni shekaru. Na fara sa ta a kan farin wando ranar Litinin, wani lokaci a kan kaki, har a kan kaftani na taɓa ɗora ta da sanyin safiya. Abokan aikina suka yi ta tsokanata suna tambayar ina ragowar, kafin zangon karatu ya ƙare biyu-uku daga cikinsu sun je gwanjo sun sayo riga zalla. Sai da aka daɗe na gani a waya cewa abin har suna gare shi, wai bileza, har ana koyar da yadda ake haɗa shi. Na ce Allah sarki, ni a gindin mangwaro aka koya mini.

Matata ta gaya mini daga baya cewa mahaifinta ya shirya tambayoyi masu zafi, ya kuma riga ya yanke a ransa cewa zai sallame ni cikin mutunci kamar sauran. Na kan yi tunanin da na isa gidan nan yadda na tsara, a ɗaure, a goge, ina magana ɗaya-ɗaya kamar mai karanta labarai, da shi ma ya zauna a matsayinsa na shugaban makaranta, mu yi ta kallon kayan juna har azahar ta raba mu. Na je ne don in nuna masa wani mutum da ba ni ba. Da wandon ya yage sai ya zama ba ni da abin nunawa sai ni kaina, kuma ashe shi yake son gani. Tun daga lokacin, in zan shiga wurin da nake jin tsoro, na kan gyara jikina iya gyarawa, amma na daina ɗauka cewa kayan ne za su yi mini magana.

Surukina ya tsufa sosai yanzu, ido ya yi rauni, lambun ma ya bar wa wasu. Amma har yau in muka je da yara, na durƙusa gaishe shi, kafin ya tambayi 'yarsa, kafin ya tambayi jikokinsa, sai ya laluba ya kama bakin wandona ya murza, ya ce, "Malam, wannan dai naka ne ko?"